Cinikin Biri a Sama: Tarihin Kallon Ƙwallo a Unguwar Birik

Duk wanda ya sauka Yawunde, babban birnin Kamaru, ya ce wa mai tasi ya kai shi Birik, wato unguwar da takardun hukuma ke kira Briqueterie, in isarsa ta yi daidai da almuru, abin da zai fara tarbarsa shi ne hayaƙin tsire da ƙarar kekunan ɗinki da kiran salla. Amma in ya ɗaga kai daga rumfunan atamfa da shadda ya dubi sama, zai ga abin da baƙo bai cika kula da shi ba, wato wasu siraran wayoyi baƙaƙe da suka saƙa daga wannan rufin kwano zuwa wancan, suka cuɗe da na lantarki, har ba mai iya cewa ga mafarinsu ga maƙurarsu sai wanda ya ɗaura su. Ta cikin waɗannan wayoyi ƙwallon ƙafa ke shiga ɗakunan mutane, ta cikinsu kuma yake ɓacewa ba sallama, galibi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Sunan unguwar daga Faransanci ya fito, ma'anarsa wurin gasa tubali, domin an yi matoyar bulo a nan a zamanin Turawa, alhali masu ƙasa na asali, Ewondo, Ekoudou suke ce wa wurin. Jamusawa ne suka kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, ba a kuwa jima ba fataken Hausawa suka biyo hanyar Ngaundere da Tibati da Yoko suka iske su, suna kawo tufafi da shanu, suna neman hauren giwa da danko da goro. An yi ta ɗaga zangonsu daga wuri zuwa wuri gwargwadon yadda birnin ke faɗaɗa, har cikin shekarun 1930, zamanin Faransawa, suka tabbata inda suke yau, tsakanin kasuwar Mokolo da tudun Tsinga. A kudancin Kamaru kuwa kalmar Bahaushe ta fi faɗin da take da shi a Kano, domin takan haɗa Bafillace da Babarbare da mutumin Nijar da na Mali, duk dai mai riga da hula da ke fuskantar alƙibla. Jama'a ce da ta tashi cikin ciniki, ta gaji ƙa'idodinsa kaka da kakanni, ta san cewa tsakanin mai kaya da mai saye akwai maigida da ke saukar da baƙo ya ajiye masa dukiya, akwai kuma dillali da ke haɗa baki ya karɓi la'adarsa. Ba su kuwa taɓa ganin aibin la'ada ba, domin dillalin kara, ko da ya ci da yawa, an san ƙofar gidansa, in sa ya fito da ciwo bayan an sallama shi za a riƙe, shi zai tsaya har a warware. Saboda haka in ka ji mutumin Birik yana kuka da masu sayar da hoton ƙwallo, kada ka zaci biya ne bai iya ba.

A farkon al'amari ƙwallo bai zama haja ba sai ga mai son shiga fili. Manyan kulob biyu na birnin, Canon da aka kafa a 1930 da Tonnerre da ta biyo baya a 1934, kusan sa'o'in unguwar ne, kuma an yi zamanin da ba a shiga gaban Kamaru a wasan kulob na Afirka: Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun nahiyar a 1965, Canon ta ɗauke shi sau uku, a 1971 da 1978 da 1980, Union ta Duwala ta ɗauka a 1979, Tonnerre kuwa ita ta buɗe kofin masu kofi a 1975, tana da wani saurayi a gaba mai suna Roger Milla. Duk wannan ɗaukaka ba wanda ya gan ta a akwatin talabijin cikin ƙasar, domin babu akwatin. Mai kuɗin ƙofa yakan tafi Mfandena, babban filin da aka gina domin gasar Afirka ta 1972, wanda ke ɗauke da sunan shugaba Ahmadu Ahijo, inda Kongo ta fitar da masu masauki da ci ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, gari ya kwana kamar an yi rasuwa. Wanda ba shi da kuɗin kuwa sai ya matsa kusa da rediyon tela. Abel Mbengue na ba da labari da Faransanci, Zachary Nkwo na bayarwa da Ingilishi, dattawan da ba su jin ko ɗaya sukan zaunar da ɗan makaranta a gabansu ya yi musu tafinta, amma da yake bakin mai labari ya fi na yaron sauri, sai suka koyi karanta muryar ita kanta, in ta yi ƙasa sun san ƙwallo na tsakiyar fili, in ta fara hawa su ajiye goron da za su kai baki, in ta tsage sun riga tafintan tashi tsaye. Iska ce ke kawo wasan, ba kuwa wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar iska da rasit.

Kamaru ta makara ƙwarai wajen talabijin. Ibadan ta kunna nata tun 1959, Kaduna ta biyo a 1962, amma Ahijo ya sauka daga mulki a watan Nuwamba na 1982 ƙasar ba ta da shi, saboda haka zuwan Zakuna, wato ƙungiyar ƙasar, gasar duniya na farko, a Andalus cikin wannan shekara, inda suka yi kunnen doki da Peru da Poland da Italiya suka dawo ba wanda ya doke su, da kunne aka bi shi. Haka nan wasan ƙarshe na gasar Afirka ta 1984 a Abijan, wanda Muda Lawal ya fara ci wa Najeriya kafin Kamaru ta rama har uku, mutanen Birik, waɗanda da yawansu ke da dangi a Kano da Yola inda akwatin ya riga ya zama tsohon labari, daga rediyo suka karɓi busharar. Sai a watan Maris na 1985 aka fara haska hoto, ba don tamaula ba, don taron jam'iyyar gwamnati da aka yi a Bamenda. A 1987 aka haɗa rediyo da talabijin suka zama CRTV, mai babban gini a Mballa II. Da aka sake haɗuwa da Najeriya a Kasabalanka a 1988, alƙali ya hana ƙwallon da Henry Nwosu ya jefa da ka, Emmanuel Kunde kuma ya ci fenariti, sai musun shagunan Birik ya tashi daga “na ji” ya koma “na gani”, ko da yake ganin bai rage masa zafi ko kaɗan ba.

Ranar da ba na mantawa ita ce Juma'a, 8 ga Yuni 1990, da Zakuna suka kara da Ajantina a gasar duniya. A layinmu akwati ɗaya ne, na wani Alhaji mai sayar da yadi, aka fito da shi bisa tebur a ƙofar gida, aka jawo masa wuta ta taga, yara suka zube a ƙasa, samari suka tsaya bayansu, dattawa suka zauna kan benci suna cewa iska suka fito sha, mata kuwa suna leƙe ta bayan labule. Ajantina ce mai riƙe da kofin duniya, Maradona na cikinta, an riga an kori Kana-Biyik daga fili, sai ƙanensa Omam-Biyik ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai, ta sulale daga hannun mai tsaron gida ta shige. Wannan kuwa ya faɗo daf da magariba, har ladan ya ɗaga murya ba a jin sa saboda sowa. Liman bai ce komai ba a ranar, amma a karatun washegari ya daɗe yana bayani a kan shagala. Aka ƙare wasan Zakuna na da mutum tara, sannan Milla, yana ɗan shekara 38, ya yi wa Romaniya biyu, ya yi wa Kolombiya biyu, kafin Ingila ta tsayar da tafiyar a Napoli da uku da biyu. Ba wanda ya tambayi Alhaji ko nawa ne kallo, shi ma bai san akwai wanda zai tambaye shi ba.

Amma kallon nan, ko da yake kamar kyauta yake, ba kyauta ba ne, domin tun 1989 gwamnati ta aza harajin rediyo da talabijin, ana yanke shi daga albashin ma'aikaci, ana kuma ɗora shi a kan ɗan kasuwa mai biyan fatanti, ko yana da akwati ko ba shi da shi. Daga nan ne wata fahimta ta zauna a zukatan mutane, wadda har yau ba ta tashi ba, cewa Zakuna na ƙasa ne, gidan talabijin na ƙasa ne, kuɗinsa kuma an riga an cire, saboda haka ganinsu haƙƙi ne ba alfarma ba. Abin da ba su sani ba shi ne a daidai wannan lokaci ana sauya wa wasan mamallaki a wani wuri mai nisa, wanda ke jagorantar sauyin kuma ɗan ƙasarsu ne. A watan Maris na 1988, a birnin nan na Kasabalanka, aka zaɓi Isa Hayatu, ɗan Lamiɗon Garwa, shugaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, kujerar da ya zauna a kanta shekara 29. Ya tarar da gasa mai ƙasashe takwas, ya mai da ita goma sha biyu a 1992, sha shida a 1996, kuma da yake babbar hidima ba ta tsayawa sai da babban kuɗi, tun 1993 hukumar ta ɗora tallanta da hotonta a hannun kamfanin wani Bafaranshe, Jean-Claude Darmon, wanda ya narke cikin Sportfive daga baya, ita kuma ta koma hannun Lagardère. Adalci ne a ce ya samo wa ƙwallon Afirka dukiyar da ba ta taɓa gani ba. Sai dai yadda cinikin ke gudana shi ne hukuma ta sayar da gasa sari ɗaya ga babban dillali, shi ya rarraba ta yanki-yanki, wannan na masu Larabci, wannan na masu Faransanci, wannan na masu Ingilishi, wannan na tauraron ɗan'adam, wannan na tashoshin da ake kamawa da eriya, kowane kaso kuma yakan faɗa hannun ƙaramin dillali, shi ne zai zauna da gidan talabijin na ƙasa ya yanka masa farashi da kuɗin waje. Kuɗin wajen kuwa ya ninka a dare ɗaya da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994. Ta haka aka wayi gari wasan da ake bugawa a Mfandena, da 'yan ƙasa, a kan ciyawar da aka shuka da harajin ƙasa, in yana ƙarƙashin hukumar ne, sai an sayo izinin nuna shi daga hannun baƙo.

Hoton kuwa ya riga ya yi daraja a idon mutane fiye da yadda za su haƙura da shi. A wasan ƙarshe da Najeriya na 13 ga Fabrairu 2000 a Legas, bayan an tashi biyu da biyu aka je bugun fenariti, ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta dira bayan layi ta fito, alƙali ya ce ba ta shiga ba, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe Kamaru ta ɗauki kofi. Akwati ya yi ta maimaita wurin a hankali har makaho ya gane, mutanen Najeriya da ke Birik suka sami shaidar da ba kotun da za a kai ta, maƙwabtansu kuma suka ce su dai abin da alƙali ya yanke suka sani.

A cikin wannan shekara, ranar 3 ga Afrilu, aka fitar da dokar da ta buɗe wa masu zaman kansu ƙofar kafa rediyo da talabijin, farantan nan da ake kira farabol suka fara tsirowa a kan rufi, Canal+ ta Faransa ta zama babbar mai sayar da wasannin Turai a ƙasashen Faransanci, kamar yadda SuperSport ta Afirka ta Kudu ta zama a na Ingilishi. Da yake kuɗin abonma ya fi ƙarfin tela da mai shayi, sai wata sabuwar sana'a ta ɓullo, ta mai kabul: saurayi ne zai kafa faranti biyu ko uku, ya jera dekoda a wani ɗan ɗaki mai zafi, ya haɗa tashoshin wuri ɗaya, ya ja waya gida-gida, yana karɓar 'yan jakunkuna kaɗan a wata. Masu haƙƙin hoto sata suke kiran wannan, sun kuma yi ta kai ƙara da sauya makullin tashoshinsu. Mutanen unguwa kuwa ba su ga bambancinsa da mai sayen buhun sukari ya ƙulla a leda ba. Ni kaina na sha biyan namu a farkon wata, ran babban wasa in taru da baƙi, ana gab da take wasa hoto ya tsaya cik, sannan ya koma baƙi ƙirin, ko ya juye wata tashar wa'azi da ba mu nema ba. Wata rana na taka har ɗakin nasa, na same shi tsugune cikin wayoyi yana gumi, na ce, “Kai yaro, ina ce jiya na ba ka kuɗinka cas?” Ya ce, “Wallahi Kawu, ba daga wurina ba ne, daga sama aka yanke.” Na ce, “To wa ke saman, in je in same shi?” Ya buɗe hannu, ya ci gaba da murɗa abin da yake murɗawa. Ba ƙarya ya yi mini ba, iyakar saninsa ke nan, na kuwa tabbata in da zan hau wurin wanda ke samansa, shi ma sama zai nuna mini.

Wani abin al'ajabi da wayoyin nan suka haddasa shi ne sun matso da na nesa, sun nisanta na kusa. Samuel Eto'o ya je Barcelona a 2004, ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2006 da 2009, sai rabin unguwa ya zama Barsa; Lauren da Nwankwo Kanu suka haɗu a Arsenal, sai ɗan Kamaru da ɗan Najeriya suka sami inuwa ɗaya; gidajen kallo suka buɗe a lunguna, da benci da janareta da allon da ake rubuta wasannin rana da alli, dala ashirin ka shiga. Yaron da bai taɓa taka Mfandena ba ya haddace sunayen masu zaman benci na Chelsea. Canon da Tonnerre kuwa suka koma wasa gaban kujeru wayam, ga shi gasar cikin gida ba ta cika samun mai haska ta a kai a kai ba, balle da husuma ta ɓarke tsakanin hukumar ƙwallon ƙasa, FECAFOOT, wadda ofishinta ke nan Tsinga jifa ɗaya daga Birik, da majalisar gasar ƙwararru da aka kafa a 2011 ƙarƙashin Janar Pierre Semengue, har aka dakatar da ita a 2019 aka shiga kotu. Coton Sport ta Garwa, wadda mutanen arewa ke ɗauka tasu, ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 kafin Al Ahly ta Masar ta doke ta, a cikinta kuma Vincent Aboubakar ya tashi, amma kaɗan ne a unguwarmu suka san fuskarsa sai da ya tafi Faransa a 2010, sannan aka sayar mana da hotonsa daga can.

Su ma Turawan suna da nasu hijabin, sai dai nasu da dalili. A Ingila tun shekarun 1960 ba a nuna wasa kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe uku saura kwata zuwa biyar da kwata, ra'ayin da ake dangantawa ga Bob Lord, shugaban kulob ɗin Burnley, wanda ya ji tsoron in aka nuna manya ba mai zuwa kallon ƙanana. A Amurka kuma, daga 1973 har 2014, in ba a sayar da tikitin wasan ƙwallonsu duka ba sa'a 72 kafin a fara, ba a nuna shi a garin da ake buga shi. Saboda haka mai shayin Birik yakan ga wasan Asabar da mutumin Landan ba ya gani a ɗakinsa, alhali filin na bayan gidansa. Wancan rufi an yi shi ne don a kora mutane zuwa fili, ko ya yi amfani ko bai yi ba. Namu kuwa bai kare kowa ba, rashin daidaituwar farashi ne kawai tsakanin mutanen da ba za su rasa kallon ba ko an daidaita ko ba a daidaita ba.

Misali mafi bayyana ya faru a 2013. Kamfanin LC2 na Kwatano ne ke riƙe da kason tashoshin eriya na ƙasashen kudu da Sahara, ya yanka wa Najeriya kuɗin da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasar, BON, ta ce ba za ta biya ba, aka ja aka ja, gasar nahiyar ta buɗe a Afirka ta Kudu tashoshin gida na Najeriya ba su nuna ba, talakan da ba shi da faranti sai ya nemi gidan kallo ko ya koma ga rediyo. Kamaru ba ta je ba a shekarar, Cape Verde ce ta tare mata hanya, don haka Birik ta ari Najeriya, wasu da zuciya ɗaya wasu da rabi, aka ga abin da ba a saba gani ba, mutumin Yawunde na zaune gaban kabul yana faɗa wa ɗan'uwansa na ƙauyen Katsina ta waya abin da ƙungiyar ƙasarsa ke ciki, har Sunday Mba ya ci Burkina Faso ranar 10 ga Fabrairu, Stephen Keshi ya ɗaga kofi.

Ba da daɗewa ba gobarar ta kai ga babbar rumfa. A 2015 aka bayyana cewa CAF ta sake ɗaure wa Lagardère gasanninta na shekara goma sha biyu, daga 2017 zuwa 2028, a kan dala biliyan ɗaya ta Amurka, ba tare da an buga ƙararrawa kowa ya taya ba. Hukumar hana babakere ta Masar, inda hedikwatar CAF take, ta ce wannan ya saɓa doka. A watan Fabrairu na 2017 Aboubakar ya ci Masar a Libreville Zakuna suka ɗauki kofi na biyar, a watan Maris Ahmad Ahmad na Madagaska ya kayar da Hayatu a Adis Ababa da ƙuri'a 34 da 20, a Nuwamba na 2018 kotun Alƙahira ta ci tarar Hayatu fam miliyan 500 na Masar, cikin watan kuma aka karɓe wa Kamaru baƙuncin gasar 2019. Da shekara ta zagayo CAF ta warware cinikin baki ɗaya, nan take SuperSport, wadda ta saya daga hannun dillalin da aka kora, ta rasa hoton, wasannin neman shiga gasa suka ɓace daga akwatunan miliyoyin mutanen da suka riga suka biya kuɗin wata, har da waɗanda suka shigo da dekodarsu Birik daga Najeriya, ba kuwa wanda aka mayar wa ko sisi.

Na taɓa kai wannan mas'ala gaban wani malamin zaure da ke karantar da Risala a unguwar, ya yi dariya, ya ce shi dai bai ga abin da babba zai nema wurin yara masu gajeren wando ba, amma ƙa'idar ciniki ba ta duba ko hajar mai daraja ce. Ya ce malaman fiƙihu sun hana sayar da tsuntsu yana tashi da kifi yana cikin kogi, saboda mai sayarwa ba shi da ikon miƙa abin da ya sayar, wannan shi ne gharari, shi ne kuma Bahaushe ya kira cinikin biri a sama. Sun kuma hana a tari ayari a bayan gari a saye kayansa kafin ya iso kasuwa, domin kada mutum ɗaya ya riƙe wa jama'a wuya. Na ce, “Allah gafarta Malam, ai duka biyun ne suka haɗu a kanmu.” Ya ce, “To, ka kawo mini dillalin in yi masa nasiha.” A nan maganar ta tsaya, domin abin da ya fi ci wa mutanen nan rai ke nan, sun biya a haraji, sun biya mai kabul ko mai faranti, sun biya a ƙofar gidan kallo ranar da aka ɗauke wuta, amma a cikin dogon jerin masu cin la'adar nan babu ɗaya da ke da ƙofar da za a tsaya a yi masa sallama.

Gasar Afirka ta zo gida a ƙarshe, a Janairu na 2022, sai dai sharaɗin allurar korona da takardar gwaji ya hana da yawa shiga, ranar da aka yi cincirindo kuma, 24 ga wata, mutum takwas suka rasu a turmutsutsun ƙofar sabon filin Olembe, saboda haka mafi yawan Birik a akwati ta ga gasar da ake yi a garinta. Dillalai suka ci gaba da sauya suna: New World TV ta Lome ta saye kason Faransanci na gasar duniya ta 2022, wadda Aboubakar ya ci Barazil a cikinta ya tuɓe riga aka kore shi yana murmushi, sannan ta karɓi na CAF, har SuperSport ta yi shelar ba za ta nuna gasar Kwaddibuwa ba, sai ana saura 'yan kwanaki aka sasanta, Hayatu ya rasu a Faris a watan Agusta na 2024, a 2025 kuma Canal+ ta haɗiye MultiChoice, uwar SuperSport, manyan rumfuna biyu suka koma ɗaya.

Daren Asabar 27 ga Janairu 2024, da Zakuna suka sake gamuwa da Najeriya a Abijan, ina zaune a shagon wani tsohon tela da bai taɓa yarda ya ja kabul ba, rediyonsa na rataye a ƙusa bisa kan keke. Gidan da ke daura da mu masu faranti ne, a bakin kwata kuma samari biyar sun haɗa kai a kan wayar hannu ɗaya, suna kallo ta wata hanyar intanet da ba a tambayar asalinta. Rediyo ya riga tauraro, tauraro ya riga waya, saboda haka da Ademola Lookman ya jefa ta farko, tsohon ne ya fara ji, ya ce, “Inna lillahi,” ya mayar da ƙafarsa kan feda. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗago ya ce, “Haba Baba, kada ka yi mana baki, ai ƙwallo na tsakiya.” Bai tanka ba, ya lasa zare ya zura a allura. Can sai salati ya tashi daga gidan masu faranti, samarin suka dubi juna, suka sake duƙufa a kan wayar suna jiran abin da kowa ya riga ya sani, mai shayin da ke gefe kuwa, mutumin Sakkwato ne da ya shekara ashirin a unguwar, ya sunkuya yana hura gawayin da ke ci da kyau.